Mun Je Neman Rijiyar Cikin Littafi

Tun ranar da muka dawo ban samu sakat ba. Wannan ta kira, waccan ta turo saƙon murya, har waɗanda ba su taɓa cewa uffan a guruf ba sai da suka biyo ni ta gefe suna tambaya: "Hauwa, da gaske kun ga rijiyar?" Anti Bilki, mai guruf ɗin, ta ce ita ba za ta iya ba da labarin ba. Sadiya kuwa ficewa ta yi daga guruf ɗin gaba ɗaya. To ni na jawo tafiyar, don haka ni zan faɗa. Sai dai ba zan ambaci sunan ƙauyen ba, kuma mutanen can duk na canza musu suna.

Saboda waɗanda ba su karanta littafin ba, bari in ɗan yi bayani. Gajeren labari ne, babi goma sha biyu, ya fito a waya farkon daminar nan, kuma marubuciyar ta ɓoye sunanta. Labarin wata tela ce a cikin birnin Kano. Akwai wata adaidaita marar lamba da ke yawo a gari da tsakar rana, direbanta ba ya juyowa. Duk wanda ya hau, sai ya ga gidaje suna janyewa, ya tsinci kansa a bakin wata tsohuwar rijiya tsakanin tsamiya biyu. Daga nan ba a ƙara ganinsa, sai dai danginsa su riƙa jin muryarsa a waya yana cewa ƙishirwa yake ji. Aka ɗauke ƙanwar telar, ita kuma ta hau adaidaitar da gangan don ta bi sawu. Har littafin ya ƙare ba a nuna ta same ta ba.

Kun san yadda guruf ya rikice. Wasu suka ce direban mahaifinta ne da ya rasu. Wasu suka ce telar ta mutu tun babin farko, ita ce ba ta sani ba. Anti Bilki ta dage namiji ne ya rubuta, don mace ba za ta kwatanta injin adaidaita haka ba. Sadiya ta ce ko mace ce ko namiji, mai rubutun nan yana da mutanen ɓoye a kansa, kuma ita tun babi na huɗu ta daina hawa adaidaita ita kaɗai.

Ni abin da ya tsaya min a rai babi na bakwai ne. A bakin rijiyar telar ta ji kiran salla da ƙararrawar coci daga gari ɗaya, ta ji warin albasar da aka shanya, ta kuma hango mata suna noma a gayaunarsu. Gayauna ita ce 'yar gonar da mutum yake nomawa don kansa, ban da gonar gandu. Ban taɓa jin kalmar a bakin 'yan birni ba, sai a bakin gwaggona da ke aure a Bagwai. Sai na rubuta a guruf cewa rijiyar nan tana nan da gaske, kuma marubuciyar 'yar wajen ce. Aka yi min ca, wasu na dariya. Ni kuma na ce a zo a je a gani.

Ranar wata Asabar muka tashi mu uku. Makarantar da nake koyarwa a Ungogo tana hutu. Na gaya wa Inna gaida Gwaggo za mu je, wanda rabin gaskiya ne.

A cikin bas ɗin Bichi muka ci gaba da musu. Anti Bilki na gaba da ni, tana juyowa tana cewa, "To in direban ba mutum ba ne, me ya sa yake shan mai?" Sadiya ta ce ai ba a taɓa nuna ya tsaya a gidan mai ba. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, riƙe da kaza a cinya, ta daɗe tana kallonmu, sai ta taɓo ni.

"'Yar nan, a wace unguwa abin ya faru?"

Na ce, "Littafi ne, Baba. Ƙirƙira ce."

"A'uzu billahi. To ku daina kiran su a cikin mota. Ba a ƙirƙirar irin wannan."

Daga nan muka bar zancen har Bichi. Da muka sauka na tarar kazar ta yi min aika-aika a gefen hijabi, sai da na sayi ruwan leda na wanke.

Da muka isa Bagwai, Gwaggo ta karɓe mu da dambun rama da fura mai sanyi. Muna ci na kwatanta mata rijiyar kamar da wasa. Ba ta ko yi dogon tunani ba ta kira sunan ƙauyen. Sadiya ta ajiye ludayi.

Gwaggo ta ce, "Me za ku yi a can? Yanzu ba lokacin yawo ba ne. Dawa ta rufe."

A lokacin na ɗauka maganar macizai take. Na ce mata leƙawa kawai za mu yi, kafin la'asar mun dawo.

'Yan acaɓa uku suka ƙi mu. Da ƙyar muka samu biyu, su ma suka ce iyakarsu igiya. Ban gane wace igiya ba sai da muka je. Hanyar siririya ce, dawa ta dama, dawa ta hagu, ta fi mutum tsayi ko yana kan babur. Ba ka ganin komai sai ganye, amma kana jin mutane a ciki, nan sautin fartanya, can tari. A wani rafi muka sauka muka tsallaka da ƙafa, laka ta cinye wa Anti Bilki takalmi ɗaya. Haka ta ƙarasa tafiyar da ƙafa ɗaya a takalmi, tana ta mita. Sabis ɗin waya kuwa tun kafin rafin ya ɗauke.

Igiyar an ɗaure ta ne tsakanin turaku biyu a bakin garin, an rataya mata tsummoki. 'Yan sa-kai biyu na zaune a gindin ɗorawa da bindigogin toka. Ban taɓa fita ƙasar waje ba, amma ina jin ko a iyakar ƙasa ba a yi wa mutum irin kallon da suka yi mana.

"Daga ina? Wajen wa kuka zo?"

Ni da Sadiya muka kalli juna. Wa za mu ce? Sai Anti Bilki ta yi caraf ta ce, "Daga Kano muke, albasa muka zo dubawa za mu sara."

Ɗayan ya kalli ƙafarta, ya kalli jakunkunanmu na hannu, ya sauke igiyar. 'Yan acaɓar suka juya tun ba mu gama tsallakawa ba.

Rijiyar ba ta yi wuyar samu ba. Tana bayan gari ta yamma, kuma wallahi ga tsamiya biyu, ɗaya ta karkata, daidai yadda aka rubuta. An rufe bakinta da itatuwa, ciyawa ta fito a hanyar da ake bi a zo. Sadiya ta ƙi matsowa, ta tsaya nesa tana karanta Ayatul Kursiyyu. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Na ci musu.

Anti Bilki ta fito da waya ta fara ɗaukar bidiyon da za ta turo muku. Tana juyawa a hankali tana bayani: "To jama'a, ga wurin nan. Ga hanya ta shigo ta cikin dawa, ba mai ganinka. Ga gidajensu can, ba nisa."

Ni kuma na hango wata mata tana cirar ciyawa a gonar gyaɗa, na je na gaishe ta. Na ce, "Baba, don Allah a garin nan wace ce mai ilimi sosai, mai babbar waya?"

Matar ta ɗago ta dube ni. Ta ajiye fartanyar a hankali, ta bi ta cikin dawa da sauri, ko waiwaye babu.

Ba a yi minti biyar ba muka ji fito, wani ya amsa daga can, wani daga nan. Sai dawar ta fara motsi. Maza suka riƙa fitowa ta kowane gefe, wasu da fartanya, wasu da sanduna. Na gabansu dogo ne, siriri, idanunsa jajur, riƙe da adda. Zan kira shi Malam Sale. Ya fizge wayar Anti Bilki, ya danna, sai muryarta ta tashi a gaban kowa: ga hanya ta cikin dawa, ba mai ganinka, ga gidajensu can.

Wani ya ce, "Infoma ne!"

Sai a lokacin na gane maganar Gwaggo. Idan dawa ta rufe, ɓarayin daji ne ke samun wurin ɓuya. Mu kuma ga mu baƙi, mun yi ƙarya a bakin igiya, muna ɗaukar hanya a hoto, muna tambayar wa ke da babbar waya.

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni zauren mai unguwa ba. Na dai tuna Sadiya ta riƙe min hijabi har yana shaƙe ni, mata sun fito ƙofar gidaje, wani ya jefo hoge ya sami Anti Bilki a kafaɗa. Aka zaunar da mu a ƙasa. Ƙofar zauren ta cika har haske ya daina shigowa.

Mai unguwa dattijo ne mai sanyin murya. Ya ce a yi shiru, ya ce in yi bayani. Na fara: littafi, adaidaita, tela, rijiya. Ina faɗa ina jin yadda maganar take fita kamar ta mahaukaciya. Ya sa tabarau, ya ce in buɗe masa guruf ɗin. Ya riƙa karantawa a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan saƙon da Sadiya ta rubuta kwana biyu kafin nan, tana hasashen abin da zai faru in an yi littafi na biyu.

"'Ni dai na ce matar mai unguwa za a ɗauka gaba.'"

Zauren ya ɗauki hayaniya. Sadiya ta fashe da kuka tana cewa mai unguwar cikin littafi take nufi. Ba mai jin ta. Na ji wani daga waje yana cewa a fito da su. Malam Sale ya tako har gabana, ya durƙusa, addar na hannunsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Ina kuka kai ta?"

Ban san wa yake nufi ba. Na fara kalmar shahada a zuci, ina tuna Inna da na yi wa rabin ƙarya da safe.

Sai wata murya ta mace ta ce, "Ku ba ni hanya."

Gajeriya ce, ba za ta wuce shekara talatin ba, da farar rigar asibiti a kan atamfa da ɗan gicciye a wuya. Malamar ƙaramin asibitin garin ce, zan kira ta Saratu. Ta durƙusa ta gaida mai unguwa, ta ce, "Baba, su ba infoma ba ne. Wawaye ne kawai. Littafin da suke faɗa yana nan. Ni na rubuta shi."

Ba wanda ya san haka a garin, har mahaifiyarta. Mai unguwa ya ce ina shaida. Ta ce a buɗe babi na bakwai a wayata. Ta juya wa wayar baya, ta fara karantowa da ka, shi kuma yana bi da yatsa. Ta ambaci tsamiya biyu, ta ambaci gayauna. Da ta zo inda muryar waya take cewa ƙishirwa take ji, sai muryarta ta karye. Malam Sale ya miƙe, ya ratsa mutane ya fita. Daga nan taron ya fara watsewa da kaɗan-kaɗan.

Mai unguwa ya sa aka goge bidiyon a gabansa, ya yi mana faɗan da ko mahaifina bai taɓa yi min irinsa ba. Kafin ya gama hadari ya haɗo. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, aka ce rafi ya kawo, ba mai tsallakawa sai gobe. Saratu ta ce mu biyo ta.

Gidansu babba ne, rumbuna sun kai shida a tsakar gida, kuma ta nuna min biyu ta ce na mahaifiyarta ne, ita ta noma abinta. Mu a wajenmu mace ta yi sana'a a cikin gida, su kuwa mata tafin hannunsu ya fi na maza kanta. Tsohuwar ba ta tambaye mu komai ba. Ta kawo buta da tabarma, ta nuna mana gabas, ta kori jikokinta daga ɗakin don mu yi salla. Da aka kawo tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, suka rufe ido suka yi addu'a da ƙarfi, har da mu a ciki, wai Ubangiji ya mayar da baƙi gida lafiya. Sadiya da ta ce ba za ta iya cin komai ba, ita ta suɗe kwanon. Aka samo wa Anti Bilki silifas, aka gasa mata kafaɗa da ruwan zafi. Saratu ta kai ni bayan rumbu, wurin da sabis yake ɗan kamawa, na kira Gwaggo na ce ta sanar da Inna.

A nan bayan rumbun, ruwa na ɗiga daga jinka, na ce mata ta yafe min, kuma na gode.

Ta ce, "Kada ki gode min. Haushinki nake ji." Sannan ta ce, "Kin san me ya sa aka rufe rijiyar?"

Bara war haka, da tsakar rana, mata uku suna ɗiban ruwa, mutane suka fito daga cikin dawa a kan babura suka tafi da su. Biyu sun dawo bayan wata biyu. Ta ukun ita ce Lantana, matar Malam Sale, ƙawar Saratu tun suna yara. Sau biyu aka haɗa ta da mijinta a waya. A na biyun ba abin da ta iya faɗa sai ƙishirwa take ji. Daga nan layin bai ƙara shiga ba.

"Ba zan iya rubuta shi yadda ya faru ba," in ji Saratu. "Suna da kunne a ko'ina. Shi ya sa na kai shi birni, na mayar da babur adaidaita, na mayar da su aljanu. Na ɗauka na ɓoye. Ina cikin guruf ɗinku, ina ganin duk abin da kuke faɗa. Ranar da kika rubuta maganar gayauna ban iya cin abinci ba."

Na ce me ya sa ba ta hana mu zuwa ba.

"In ce ni wa? Kuma ban zaci za ku zo da gaske ba. Yanzu duk gari ya sani. Gobe kasuwa za ta sani."

Wata biyu muna musu a kan ko direban yana shan mai.

Da safe, ana shirin tafiya coci, aka yi sallama a ƙofar gida. Da na leƙa sai na ga Malam Sale ne. Ba adda a hannunsa, sai ƙullin albasa a buhu. Ya durƙusa daga nesa, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce mu yafe masa. Ya juya wajen Saratu ya ce jiya ya sa an karanta masa littafin duka. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce, "Kin sa ƙanwar telar tana da wushirya irin ta Lantana. Kin tuna." Saratu ta rufe fuska da mayafi.

Daga nan ya ciro wani ɗan hoto daga aljihu, irin na katin zaɓe, duk ya kakkarye a gefe. Ya ce ya ji wani lokaci in an sako mutane a tashoshin birni ake tsintar su, wasu ba sa iya faɗin garinsu. Tunda ni a bakin birni nake, ko zan riƙa dubawa? Na ɗauki hoton a wayata. Ya karɓi lambata, Saratu ta rubuta masa a bayan takardar magani.

Shi da kansa ya raka mu har igiya, ya tsaya sai da aka samo mana babura. A hanyar dawowa, duk inda ganyen dawa ya motsa sai na waiwaya. Gwaggo ta tare mu a ƙofar gida, ta ɗaga hannu kamar za ta mare ni, sai kuma ta rungume ni.

Saratu ta koma wajen yayarta a wani gari kafin ƙurar ta lafa, kuma da izininta nake wannan rubutun. Don Allah masu cewa za su gano ƙauyen da kansu, ku bari. Wannan ba wasan hasashe ba ne.

Malam Sale kuwa, tun daga lokacin duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya kira ni. Ya gaishe ni, ya tambayi Inna, sannan ya ce, "Ba labari ko, Malama?" In ce babu. Ya ce, "To, Allah ya sa mu ji alheri." Ni kuma na koma duk tashar da na bi sai na riƙa leƙen fuskokin mata, har wata ta taɓa zagina.

Juma'ar da ta wuce bai kira ba. Na jira har magariba, shiru. Na san abu biyu ne kawai za su hana shi, ko an gan ta ko an ji labarin mutuwarta, kuma na biyun na fi jin sa a jikina. Ranar Asabar na wuni da wayar a hannu, in nemo lambar in fasa. Sai bayan la'asar na rufe ido na danna.

Ta daɗe tana ƙara. Sai aka ɗauka, amma ba shi ba ne. Muryar mace ce, a dishe, tana magana a hankali kamar mai koyon magana.

"Yana gona. Wa ke magana?"

Na ce, "Hauwa ce, daga Ungogo. Don Allah, da wa nake magana?"

Ina jin kukan awaki a bayanta, da muryoyin mata da yawa kamar gidan suna.

Ta ce, "Lantana ce. Ke ce mai duba min tasha? Ya ce in kin kira in ce miki ki huta haka nan."